Dinyoyi sun addabi tsakar gidana, ina mafita?

Tambaya: Assalamu alaikum Dakta. Ni uwargida ce a Mai Wurno, ƙasar Sudan, gidanmu na kusa da bakin kogin Bahar Azrak, wato reshen kogin Nilu. Tun da ruwa ya ja baya, wasu dinyoyi ke shigo mana ta bayan gida da asuba. Su kirɓe ganyen jirjir da ciyawar barsim ɗin da na shuka wa awaki, su cinye dusar kaji, su bar kashi ko'ina. Jiya ɗaya ta fafari ɗan autana. Mun kafa mutum-mutumi, yanzu a gindinsa suke kwanciya. Maƙwabciyata ta ce in zuba maganin ɓera a cikin dawa. In zuba?

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. Don Allah kada ki zuba. Dawar da dinya za ta tsattsaga, ita kajinki za su tsattsaga, ga ɗan autan nan da komai ya gani sai baki. In kuma tsuntsuwar ta je ta kasa tashi a bakin ruwa, wani ya yanka ya kai gidansa, alhakin a wuyan wa?

Da ganin lokacin da suke zuwa, na fi zaton dinyar da Larabawa ke kira wizzin Masar ce: ruwan ƙasa-ƙasa, da duhun zobe kewaye da ido kamar ta rambaɗa kwalli, da tabo a ƙirji. Bibbiyu suke yawo, miji da mata. Abincinta ɗanyar ciyawa ce da ƙwayar hatsi, shi ya sa daga Oktoba, in kogi ya janye aka shuka gaɓa, take samun sallah. Ke kuma kin haɗa mata barsim, ga dusa, ga ruwan wanke-wanke kwance. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Ga abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba. Dinya na da fiffike, amma ta fi son ta fito daga ruwa ta tako da ƙafa, kuma ba ta sakin jiki a inda ba ta hango abin da ke tahowa. Saboda haka ki toshe hanyar da suke bi. Darnin karan dawa da ya kai mita 1 a tsaye ya wadatar, in dai an matse shi har ƙasa, ba a bar kafar da za ta cusa kai ba. Fegin jirjir kuwa, ki kafa turaku ki ja igiya layi-layi a samansa, tsakani kamar taku biyu, ko ki rufa tsohuwar ragar masunta. Ba ta yarda ta sauka inda fiffikenta zai sarƙe.

Dusa a ba kaji cikin akurki, a ɗauke kwanon kafin magariba. Wannan ba don asarar dusa kaɗai ba ne. Tsuntsayen ruwa na ɗauke da murar tsuntsaye ba tare da sun nuna alama ba, kuma ba a manta ɓarnar da ta yi wa gonakin kaji a Khartoum da Jazira a 2006 ba. Kashinsu ma na kawo gudawa, sai a share da safe kafin yara su sauko, a rufe bakin randa.

Mutum-mutuminki bai yi laifi ba, tsayuwa wuri ɗaya ce ta tona masa asiri. Kwana uku sun ishe su su gane ba ya motsi. A riƙa sauya masa wuri da riga, a rataya gwangwanaye. Abin da ya fi shi aiki shi ne a tashe su da kaɗa kwano da zarar sun iso, kowace asuba, har mako biyu ba fashi. In an yi yau an bar gobe, an koma farko.

Wadda ta bi yaron, mai yiwuwa suna da sheƙa kusa. Kwancin ƙwansu kusan kwana 30 ne, a lokacin kuma ba sa ɗaga wa kowa ƙafa. Ki koya masa kada ya juya baya ya ruga. Ya fuskance ta, ya riƙa ja da baya sannu-sannu har ya shige zaure.