Notin salansa ya ƙi kuncewa: ajiye faif ɗin nan tukuna

Ɗan'uwa, ka ce notuna biyun da ke riƙe bakin salansa a kan injin Boxer ɗinka sun ci tsatsa, sifana sai zamewa take yi, har kana shirin zura mata faif ka danna da ƙarfi. Don Allah kada ka yi.

Ni haka na yi wa tsohon Jincheng ɗina bayan wata damina. Notin bai motsa ba, sai ji na yi ƙas, ƙusar da yake kai ta karye daidai da fuskar kan injin. Aikin da bai kai awa ɗaya ba ya koma kwance kan injin gaba ɗaya, babur ya yi kwana uku a ajiye. Ƙusar nan siririya ce, milimita 6 ko 8, ƙarfe ce a ɗaure cikin alminiyam, kullum tana shan wuta tana hucewa, ga ruwa da taɓon da tayar gaba ke watsa mata. Noti kuwa ko'ina ka same shi. Ita za ka ceta, shi ko ya lalace ba komai.

Ka bari injin ya huce sarai. Goge tsatsar da burushin waya har sai zaren ƙusar ya bayyana, sannan ka fesa WD-40, man nan na gwangwani mai sakin tsatsa, in babu ka ɗiga kananzir. Wasu na sa man birki, amma yana cin fenti, ni na daina. Bar shi ya kwana, da safe ka ƙara. Yawancinmu a nan muke faɗuwa, minti biyar mun ƙosa.

Sifana mai buɗaɗɗen baki ita ta cinye maka kusurwoyin notin. Nemi soket mai kusurwa shida, lamba 10 ko 12, wanda ya zauna cif. Ka ɗan bubbuga gefen notin da ƙaramar guduma, sannan ka fara ɗaure shi kaɗan kafin ka kunce. Da ya motsa, kada murna ta ɗebe ka: kunce kaɗan, mayar kaɗan, ƙara mai, haka har ya fito. In ka ji ya yi laushi alhali bai kunce ba, tsaya, ƙusar ce ke murɗewa.

In ya ƙi, sai wuta. Cire tanki gaba ɗaya, ka kai wa mai waldar gas ya gasa notin kaɗai har ya yi ja. Ka tsaya a kansa kada ya kai harshen wutar jikin injin, domin alminiyam na narkewa a kusan digiri 660, kuma ba ya yin ja ya gargaɗe ka. In babu mai walda kusa, a yanka gefen notin da zarto a tsaga shi da cizal, a hankali.

Ko ƙusar ta karye, muddin akwai ɗan guntu a waje, mai waldar lantarki zai ɗora noti a kai ya cika cikinsa. Zafin waldar ma yana taimakawa ta saki. Amma a cire wayar batir da ta CDI, ɗan akwatin da ke ba filogi wuta, kafin a fara.

Wajen mayarwa, sa sababbin notuna da sabon gasket (zoben da ke toshe tsakanin bakin salansa da injin), shafa wa zaren giris mai jure zafi, irin mai jan ƙarfe, ka riƙa ɗaure su bi da bi don bakin ya zauna daidai.