Yaron da aka sa ya yi kisa a daji: akwai ƙisasi a kansa?

Tambaya: Malam, ɗan yayana ne. Boko Haram sun tafi da shi daga wajen Bama a 2014 yana da kimanin shekara 10, ya fito a 2021 cikin waɗanda suka miƙa wuya. Ya faɗa mini cewa an taɓa sa shi ya harbe wani manomi, an ce in ya ƙi shi za a harbe. A lissafina yana da shekara 15 a lokacin. Wani malami ya ce baligi ne, jini na kansa. Mene ne hukunci?

Amsa: Allah ya saka maka da ka karɓe shi lokacin da wasu ke gudun irinsa.

Ka jingina maganarka kan tilas, amma ba nan hukuncin yake ba. Tilas ba ya halatta kashe rai, babu saɓani. Abin dubawa shi ne: ya balaga ranar da ya harba, ko bai balaga ba? Ka tambaye shi ku biyu kawai, ko a lokacin ya riga ya yi mafarki, ko gashin mara ya fito masa. In babu ko ɗaya, yaro ne a mashhurin mazhabar Malikiyya har ya cika 18, gangancinsa kuwa hukuncin kuskure yake ɗauka. Babu ƙisasi a kansa, babu zunubi. Jinin yana wuyan wanda ya ba shi bindiga da umarni.

Malamin da ya ce 15 yana bin Shafi'iyya da Hanbaliyya ne, hujjarsu hadisin Ibn Umar: an mayar da shi ranar Uhudu yana da 14, aka karɓe shi ranar Khandaƙ yana da 15. Hadisin ya inganta, amma abin da ake aunawa a wurin ƙarfin fita yaƙi ne. A Uhudun nan aka karɓi Rafi'u bn Khadij saboda ya iya harbin kibiya, aka karɓi Samura bn Jundub bayan ya kayar da Rafi'u a kokawa. Da shekaru ake ƙirgawa, me ya kawo kokawa? Sannan shekarun Ibn Umar sanannu ne, kai kuwa "kimanin" ka ce. Yaron da ya tashi cikin yunwar daji balagarsa kan yi jinkiri. Ba a zubar da jini a kan kintace, ko a wajen masu wancan ra'ayin. In ma ta tabbata ya balaga, maganar ta alƙali ce da magadan mamaci, ba wanda ke da ikon ɗaukar fansa da hannunsa.

Saura diyya. Raƙuma 100 ce ko dinari 1,000, dangin uba ke biya cikin shekara 3, kai ma kana ciki. Sai dai a Malikiyya dangi ba sa ɗaukar abin da ya tabbata da iƙirari kaɗai. In babu shaidu sai bakinsa, tana kan dukiyarsa, sulhu a kan abin da ya sauƙaƙa ya halatta, yafewa ta fi. Kada ka ɗauke shi ka kai ƙofar iyalan mamacin. A bi ta hannun alƙali ko lawani, bayan an tabbatar ba za a taɓa shi ba. In ba a san su ba, ya yawaita yi wa mamacin addu'a da sadaka.

Sirrin nan kuma kada ya wuce kai da wanda zai yi sulhun. Ka hana yaran gida kiransa da sunan ƙungiyar, ko da wasa. Wanda aka tsangwama a gari shi ne daji ke sake ja. Ka samo masa malami mai haƙuri ya sake masa karatu tun daga tsarki, domin an koya masa kafirta Musulmi da sunan Alƙur'ani, ba a kankare wannan da tsawa. Sallolin da ya bari bayan balaga ya rama a hankali, gwargwadon iko. In yana firgita cikin barci, ko ƙarar babur na sa shi ɓuya, ko ya saba da tramol, ku haɗa addu'a da asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Maiduguri. Ku ba shi sana'a tun kafin maganar aure.

Wallahu a'alam.