Tambaya da Amsa: Jirgin Ƙasan Kano Zuwa Maraɗi Zai Fi Mota Sauƙi?

Tambaya: Malam, ina sarin atamfa a Kantin Kwari, sau biyu a wata nake zuwa Kano. Kuɗin mota da na dako sun cinye mini riba. In jirgin ƙasan nan ya iso Maraɗi, zai fi araha? Daga wata 'yar kasuwa a unguwar Mokoyo.

Amsa: Hajiya, Allah ya sa albarka a nema. Layin da kike magana an aza harsashinsa a Fabrairun 2021, kamfanin Mota-Engil ke aikin, kilomita wajen 284 ta Kazaure, Daura, Katsina da Jibiya.

Ni na hau jirgin ƙasan da ke tsakanin Abuja da Kaduna a 2019, shekara uku da buɗe shi. Na tashi daga tashar Rigasa da ke Kaduna da sassafe, tikitina bai kai naira 2,000 ba. Kusa da ni wata tsohuwa ce da kwandon tumatir a cinya, ta yi barcinta har tashar Kubwa a Abuja, ba shinge ko ɗaya, ba mai cewa a sauke kaya a duba. Ranar na yi wa Maraɗi kwaɗayin abin nan har cikin raina.

To amma a 2020, da aka dawo aiki bayan kullen korona, an rage fasinja don ba da tazara, kujerar talaka ta koma naira 3,000. Cutar ta lafa, kuɗin bai sauko ba. Sai harin da 'yan bindiga suka kai masa ran 28 ga Maris 2022, jirgin ya tsaya cik har watan Disamba, da ya dawo kuma aka sake ƙari. Injin jirgin man gas (dizal) yake sha, duk ranar da man ya yi tsada tikiti na iya bin shi.

Saboda haka kada ki gina lissafinki kan farashin ranar buɗewa. A ganina ribarki tana wajen dilolinki, domin tarago ɗaya na ɗaukar abin da ƙananan motoci da yawa ba za su ɗauka ba. Abin da zan so ku tambaya tun yanzu, ke da abokan sana'arki, shi ne: sau nawa zai tashi a mako, kuma a ina duwan za su duba kaya? In zai kwana a iyaka ana jiran takarda, gara ki riƙe direbanki na hanyar Ɗan Isa.