Barin giya a ƙungiya ga wanda ba ya bin addini

Ɗan'uwa na Marwa, ka ce kana son barin bilbil da wuskin leda, amma ba ka bin addini, shin ƙungiya za ta karɓe ka? Za ta karɓa. Sharaɗin shiga Alcooliques Anonymes, ƙungiyar mashaya masu taimakon juna su bar giya, wadda aka kafa a Amurka a 1935, ɗaya ne: niyyar daina sha. Gaskiya ne matakai 12 da suke bi don barin giya suna ambaton Allah da dogaro ga wani ƙarfi da ya fi na mutum, sai dai da yawa kan ɗauki ƙungiyar kanta a matsayin wannan ƙarfin. In an tashi addu'a, ka yi shiru, ba mai tilasta ka. Wata ƙungiyar kuwa, SMART Recovery, da aka kafa a 1994, ba ruwanta da addini. Dabarun danne kwaɗayin sha take koyarwa, kuma tana taro ta intanet.

Amma tukuna: in kullum kake sha, kada ka yanke dare ɗaya kai kaɗai. Rawar hannu da zufa kan fara awa 6 zuwa 24 bayan kofin ƙarshe. Farfaɗiya na iya biyowa, ruɗewa da gane-gane kuma a kwana na 2 zuwa na 3, kuma suna kisa. Je asibiti, likita ya tsara maka diazepam, maganin da ke kwantar da jiki ya hana farfaɗiya, na 'yan kwanaki da bitamin B1. Ban da ƙwayar bakin titi, musamman tiramol, shi ma yana jawo farfaɗiya.

Akan zame a koma sha a ranar albashi da ranar kasuwa. Damƙa kuɗin ga wanda ka amince da shi, ka sauya hanyar da ke bi ta mashaya, ka riƙe lambar mutum biyu na ƙungiya da za ka kira kafin ka sha.