Waƙafi ko ɗigo: laifin kwamfuta ne ko na lissafi?

Wani mai sayar da hatsi kusa da Kasuwar Dole ya rubuto mana: "Ɗana ya rubuta mini ɗan shiri na bash (harshen ba kwamfuta umarni) da ke lissafa kuɗin gero da wake. A kwamfutarsa da ya sayo daga Kano yana aiki lafiya. A tawa mai Faransanci, kilo 12.5 sai ya fito 12,00 tare da ƙorafin cewa lambar ba ta da inganci. In sayi irin tasa ne?"

Alhaji, riƙe kuɗinka. Ko ka sayo sabuwa fil, in aka saita ta da Faransanci haka za ta yi. Injin lafiyarsa lau. Abin da ya raba su shi ne saitin yanki da ake kira LC_NUMERIC. A tsarin Faransanci, wato fr_FR, waƙafi ne ke raba cikakkiyar lamba da ɓurɓushinta, a tsarin Ingilishi kuwa ɗigo ne. Umarnin printf na cikin bash, wanda ke fito da lambar, yana bin wannan saiti wajen karantawa da wajen rubutawa duka, shi ya sa da ya ci karo da ɗigo sai ya tsaya a 12, rabin kilon ya bi iska. Shi kuma shirin lissafi na bc, wanda nake kyautata zaton da shi yaron ke ninka farashi, ɗigo kaɗai ya sani, ko a Faris aka kunna shi.

Ka ce wa ɗan naka ya rubuta export LC_NUMERIC=C a saman shirin; C saiti ne da ba na kowane yanki ba, mai amfani da ɗigo. Amma ya fara duba ko an saita LC_ALL, don ita ke danne sauran duka. Umarnin locale zai nuna masa. Wasu za su ce masa ya sa LC_ALL=C ya huta. Ban so wannan ba a wurinku: sunayen abokan cinikinka akwai ɓ da ɗ da ƙ, kuma a ƙarƙashin C bash zai ƙirga kowane ɗaya daga waɗannan haruffa a matsayin biyu, layukan rasit su karkace. In dole ne, C.UTF-8 ta fi, don ita ta san waɗannan haruffa.

Ni a ganina ma lissafin ɓurɓushi bai zama dole ba. Sefa ba ta da ƙananan tsabar da ake ciniki da su ƙasa da ita, saboda haka ya ajiye nauyi da giram, 12500 maimakon 12.5, ya yi aiki da cikakkun lambobi, waɗanda bash ke lissafawa da kansa ba tare da bc ba.

Wata ɗaliba daga unguwar Birni ta tambaya yadda za ta sa 1250000 ya fito a rarrabe a takardar kuɗin ƙungiyarsu ta adashi. 'Yar'uwa, printf "%'d" zai yi, ko numfmt --grouping. Da Faransanci za ki samu 1 250 000, da Ingilishi 1,250,000, da C kuwa babu rabewa ko kaɗan. Sai dai ratar da ke tsakanin lambobin Faransancin ba irin wadda kike bugawa a allon rubutu ba ce, wata siririya ce ta daban. Ki yi rabewar a matakin ƙarshe, lokacin bugawa, kada ki sake mayar da lambar cikin lissafi.