Gidauniyarmu ta tara da yawa ta raba kaɗan, sauran kuɗin fa?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni tela ne a Gangare nan Jos. Akwai wata gidauniyar ci gaban al'umma da muke sa ɗan abin da ya samu duk wata. Ƙarshen shekara suka kira taro suka karanta rahoto, an biya wa marayu kuɗin makaranta, an gyara bohol, an ba mata jari, aka yi ta tafi. Amma da na dawo shago na zauna na haɗa lissafi sai naga abin da suka ce sun raba ko rabin abin da suka ce sun tara bai kai ba. Na tambayi sakatare yace sauran an ajiye. Malam wannan ajiyar ta gaskiya ce ko wayo ake mana? Bana son in zargi mutane dan wasunsu sahu ɗaya muke sallah.

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Kafin komai Allah ya saka maka da ka zauna ka haɗa lissafin, dan shekaruna ina duba littattafan kuɗi na ƙungiyoyi a garin nan, kuma a irin wannan taron mutane sun fi kula da wa aka ba kujerar gaba da kuma ko lemo ya zagayo, da wuya ka samu wanda ya riƙe lamba biyu a kansa har ya kai gida.

Toh amsar a taƙaice, ajiyewa ba laifi bane, asali ma gidauniyar da ta raba komai ta share asusu tas a Disamba ita ce ta fi ba ni tsoro. Amma kalmar "an ajiye" ita kaɗai ba amsa bace, kan magana ce, sai an faɗa maka a ina, da sunan wa, kuma me kuɗin ke haifarwa.

Bari in fara da dalilin ajiyar. Irin wannan gidauniya ta gari, wadda jama'a da yawa ke zubawa ba attajiri ɗaya ba, a tsarinta na zamani an fara ta ne a Cleveland ta Amurka a 1914, wani lauya ma'aikacin banki mai suna Frederick Goff ya kawo ta. Dabarar ita ce a tara uwar kuɗi a juya ta, ba a taɓa uwar, ribar kawai ake rabawa. Har yau yawancinsu can abin da suke fitarwa a shekara kamar kashi 4 zuwa 5 cikin ɗari ne na dukiyar da ke ajiye. Kaga kenan a ce gidauniya na da miliyan 100, ta raba miliyan 5 ta tsaya, kuma ba wanda zai ce an ci. A Afirka ma Kenya ta kafa irinta tun 1997. Nan gida Gidauniyar TY Danjuma da ke Abuja da dukiyar ajiya ta dala miliyan 100 aka kafa ta, duk da ita ta mutum ɗaya ce ba ta karo-karo ba, amma hikimar ɗaya ce.

Kuma mu ba sai mun je Amurka neman wannan ba, waƙafi kenan. Sayyidina Umar da ya samu gona a Khaibara an ba shi shawara ya tsare asalin ya yi sadaka da amfanin, ba a sayarwa ba a kyautarwa ba a gado. Sayyidina Usman ya sayi rijiyar Ruma ya bar wa jama'a. Ko a ƙauye wanda ke da hankali baya cinye iri dan yunwar bazara. Saboda haka in sakatarenku abin da yake nufi kenan, yana kan hanya.

Inda gizo ke saƙar shi ne sau da yawa kuɗin da aka ce an tara ɗin ma ba a tara shi ba. Ka san yadda ake lancin a garin nan. Mai gabatarwa ya kama lasifika, Alhaji wane ya bada miliyan biyar, a yi kabbara, Honarabul wane ya bada miliyan biyu da buhun shinkafa hamsin, a yi tafi, a rubuta a allo. Washegari ka bi sawu wayar Alhaji a kashe, Honarabul yana Abuja sai ya dawo. Na taɓa duba littafin wata ƙungiya, ma'ajin dattijo ne mai amana wallahi, ya kawo min rasit ɗinsa cikin kwalin taliya kowane wata an ɗaure da roba, ko na fiya wata na naira ɗari bai yar ba. Muka kwana biyu muna neman giɓin da ya hana shi barci, ashe ba abin da ya ɓata, alƙawarin ranar lancin ne aka shigar a rahoto kamar ya shigo hannu. Mutumin nan ya kusa kuka dan har an fara nuna shi da baki a majalisa. Dan haka tambayarka ta farko ga sakatare kar ta zama ina sauran, ka ce masa cikin abin da kuka ce an tara nawa ne ya shiga banki nawa ne alƙawari. Sau da yawa nan rabin giɓin ke narkewa.

Abin da ya rage kuma sai a nuna shi. Ajiya tana da takarda. Sitetmen na banki zuwa ranar ƙarshe ta shekara, da sunan gidauniyar a sama ba sunan ciyaman ba, ba na matarsa ba, ba akawun ɗin shagon wani ba wai dan ya fi saurin turo alat. In suna da rajista da CAC, hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi, a matsayin amintattu, ƙarƙashin dokar kamfanoni ta 2020, to dole ne su riƙa kai rahoton shekara can, kuma doka ta hana a raba kuɗin ƙungiya ga 'ya'yanta a matsayin riba. Akwai kuma satifiket na SCUML, sashen hana halasta kuɗin haram da ke ƙarƙashin EFCC, wanda banki ke nema wajen ƙungiyoyi. Wanda yake da waɗannan takardun ba zai ji haushi dan ka tambaya ba, zai ma ji daɗi ya samu mai gani. Ka duba kuma mutum nawa ke sa hannu kafin a cire kuɗi, in mutum ɗaya ne to ko waliyyi ne an zalunce shi, dan an bar shi shi kaɗai da shaiɗan da kuma bakin mutane.

Sai abin da ni ya fi damuna, wanda kusan ba mai tambayarsa a taro. Kuɗi na iya zama lafiya lau a banki ba wanda ya taɓa sisi amma yana mutuwa a kwance. Kai tela ne ka fi ni sani, nawa kake sayen yadin shadda da zare farkon 2023, nawa kake saye yanzu? Lokacin dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, aka cire tallafin mai a ƙarshen Mayu, aka saki naira a Yuni, kafin a ankara a 2024 dala ta haura 1,500 kuma hauhawar farashi ta wuce kashi 30 cikin ɗari. Gidauniyar da ta bar miliyan 10 zaune a akawun da baya kawo komai tsawon wannan lokacin, a takarda miliyan 10 ɗinta na nan, amma ka je kasuwar Katako da ita kaga bandir nawa na kwano za ta saya maka idan aka kwatanta da da. Wannan ba sata bace, sakaci ne, amma marayan da bai samu kuɗin makaranta ba duk ɗaya ne a wajensa. Shi ya sa lissafin kashi 5 na Turawa ba ya zama daram a ƙasarmu, in ba juya kuɗin ake yi ba gara ma a zuba shi a abin da ake gani, shago ko gidan haya da sunan gidauniyar wanda haya za ta riƙa shigowa. Masu gudun kuɗin ruwa kuma akwai sukuk, wato takardar zuba jari ta tsarin Musulunci, gwamnatin tarayya ta fara fitarwa a 2017 da naira biliyan 100 aka yi tituna da shi, kuma tana biyan haya ga wanda ya saya. In sakatare ya ce an ajiye, ka ce masa bara nawa ajiyar ta haifa. In ya yi shiru yana sosa ƙeya ka samu amsarka.

Wata kuma in akwai zakka a ciki. Mutane kan miƙa zakkarsu ga gidauniya musamman da azumi, ita kuma tana da masu ita guda takwas da aka lissafa a Suratut Tauba aya ta 60, ba kuɗin da za a kulle a ce jarin gobe bane. Ya kamata a ce tana da shafinta daban a littafi, abin da ya shigo da wanda aka ba. Hukuncin dalla-dalla na malamai ne, ni akanta ne, amma cakuɗa ta da kuɗin karo-karo kuskure ne ko ta fuskar lissafi.

Yanzu bari in juyo kan ɓangaren da aka yi wa tafi, dan shi ma yana buƙatar ido. Rahoton shekara yana son manyan lambobi, mutum dubu kaza sun amfana. Ya aka ƙirga su? In an gyara bohol ɗaya sai a ɗauki yawan mutanen unguwar gaba ɗaya a rubuta, har jaririn da aka haifa jiya. Akwai bohol ɗin da na je gani da ƙafata a wata unguwa ta wajen Bauchi Road, ya fito a rahoto da hoto mai kyau, allon da aka rubuta sunayen waɗanda suka buɗe shi har ƙyalli yake, amma famfon a bushe, akuya ce kwance a inuwar tankin. Wata yarinya da jarka a kai ta ce min tun bayan sallah injin ya ƙone, ba a ware ko kwabo na gyara ba kuma ba a damƙa shi hannun kowa ba. A rahoto dai nasara ce. Haka jarin mata, ba wuya a ce an ba mata hamsin, abin da nake so in ji shi ne cikin waɗanda aka ba bara nawa ne har yanzu ke suyar awara ko ƙosai, nawa ne jarin ya tafi a maganin yaro. Gidauniyar da ta iya cewa mun ba goma, huɗu sun karye, ga dalili, ita nake yarda da sauran lambobinta. Rahoton da babu ko tuntuɓe ɗaya a ciki talla ce.

Ka kuma lura da yadda aka zaɓi waɗanda aka ba. Akwai fom? An sanar a masallaci da coci da wajen mai unguwa, ko 'yan kwamiti ne kowa ya kawo nasa? A Jos wannan ba ƙaramar magana bace, tun rikicin 2001 da na 2008 unguwanni suka rabu kowa ya koma cikin nasa, gidauniyar da ta kira kanta ta al'umma amma taimakonta bai taɓa tsallake kwalbatin layin ciyaman ba, sunan ne kawai. Kuɗin gudanarwa ma ka duba shi amma kar ka tsananta, wanda ke zirga-zirga Rikkos zuwa Bukuru yana tantance marayu dole a sa masa mai a mashin. Abin ƙi shi ne kaga kuɗin rumfa da kujeru da mai ɗaukar bidiyo na ranar rabo ya kusa kamo abin da aka raba.

Maganar sahu ɗaya da ka yi kuwa na gane ta sosai, ita ce ke kashe yawancin ƙungiyoyinmu, kunya. Kar ka tashi tsakiyar taro ka yi tambaya kamar ɗan sanda, za a ce an turo ka ne. Ka samu mutum biyu ko uku cikin masu zubi, ku je wajen ciyaman bayan la'asar, ku ce ranka ya daɗe muna son mu jawo wasu su shigo amma suna tambayarmu takarda, a taimaka mana da sitetmen da jerin abin da aka kashe. Ka kuma kawo shawarar a nemo odita daga waje wanda ba ɗan ƙungiya ba ya duba littafin kafin taron baɗi, a manna sakamakon a allon sanarwa. In sun kawo cikin sati biyu ko uku ka ci gaba da zubinka har ka ƙara in da hali. In aka fara yau da gobe, ma'aji ya yi tafiya, takardun na wajen lauya, to ka dakatar da naka zubin tukuna ba tare da ka kira kowa ɓarawo ba, ka turo min abin da suka baka ko hotonsa ne a waya in duba maka.