Dizal daga 'ya'yan itatuwan da ba a ci: ina aka kwana?

Tambaya: Malam, na ji ana yin man dizal da 'ya'yan itatuwan da ba a ci, don kada a taɓa abincin jama'a. Waɗanne ne, kuma me ya hana man cika kasuwa?

Amsa: Ɗan'uwa, ka ji daidai. Fitattu su ne bini-da-zugu, zurma, dogon yaro da karanja ta Indiya. Ana matse man, a haɗa shi da sinadarin metanol da 'yar soda mai ƙarfi, sai gilisarin ya kwanta a ƙasa, dizal ya taso sama. Man dogon yaro yakan zo da asid mai yawa, sai an fara rage shi, in ba haka ba sabulu za ka tarar a tukunya. Man zurma kuwa kauri ne ya yi masa yawa, shi ya sa ko a Barazil, inda gwamnati ta tallata shi a shirinta na 2004, waken soya ne ya ƙwace fagen.

Bini-da-zugu ne aka fi zuzutawa. Kusan kashi ɗaya cikin uku na ƙwayarsa mai ne, dabbobi ba sa cinsa, yana kuma jure fari. A 2003 Indiya ta tsara dasa shi a miliyoyin hekta, a 2008 ma jirgin Air New Zealand ya yi gwajin tashi da man da aka gauraya da nasa. Amma an yi gaggawa. Itacen zai rayu a ƙeƙasasshiyar ƙasa, sai dai ba zai yi 'ya'yan kirki ba sai da ruwa da taki, wato irin gonar da abinci ke buƙata. Ga shi 'ya'yan ba sa nuna lokaci guda: a reshe ɗaya za ka ga kore, ka ga rawaya, ka ga baƙi ya bushe, dole a riƙa tsinka da hannu ana komawa. Kamfanin man fetur na BP ya shiga harkar a 2007, ya janye a 2009.

A ganina babbar matsalar tana cikin tunkuza. Mai matse waken soya yana sayar da ita abincin dabbobi ya mayar da kuɗinsa, amma ta bini-da-zugu da ta zurma guba ce, sai dai a yi taki da ita, ko a kashe kuɗi wajen cire dafin. Inda bini-da-zugu ya fi biya shi ne a dasa shi shingen gona, a tara 'ya'yan a matse don injin niƙa ko janareta na kusa.